Mai Kama Kwaɗayin Taba da Maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa kwana a Gaya a shekarun da manyan motoci ke jeruwa tun daga Malanbil, suna jiran ƙetare gadar Kwara da kayan Kwatano, ya san sigari abokin jira ne. Direba ya yi kwanaki yana dakon takardun duwan, ga mai tebur kusa yana sayar da kara ɗaɗɗaya. Da yawansu sun sha rantsuwa cewa daga wannan azumin sun bari, ana shan ruwa kuma hannu ya koma neman ashana. Ba rashin zuciya ba ne. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin, kuma idan ya saba da gida, fitar da shi sai gwani.

Akwai gwanayen, kuma aikinsu yana burge ni ƙwarai.

A 2007 masu bincike a Amurka suka lura da wani abin mamaki: cikin mashaya taba da suka gamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ciwon ya taɓa musu wani lungu na ƙwaƙwalwa mai suna insula sukan bar taba ba tare da wahala ba. Ashe nan ne ɗaya daga cikin maɓoyar kwaɗayin. To, ya za a isa wurin ba tare da an fasa kai ba? Amsar tana hannun wata na'ura da Anthony Barker ya fara gwadawa a Sheffield ta Ingila a 1985: naɗin waya da ake ɗorawa bisa kai, yana harba ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ya motsa jijiyoyi. Babu wuƙa, babu allurar barci.

Inda gwanintar take shi ne awo. Kowane kai da nasa gwargwado. Ma'aikacin zai ɗora wa mutum hular na'urar, ya riƙa gusar da ita kaɗan-kaɗan, idonsa kuwa yana kan hannun mutumin. Yana harbawa yana jira, har ya ga babban yatsa ya zabura da kansa. Sai ya dinga rage ƙarfi har ya gano mafi ƙanƙantar bugun da ke motsa yatsan, daga nan ya lissafa abin da zai ba wannan mutum shi kaɗai. Idan ya gaza, aikin banza. Idan ya zarce, ana iya tayar da farfaɗiya. Shi ya sa tun farko sai ya tambaya: ka taɓa faɗuwa? Akwai ƙarfe a kanka?

Sai dabarar da ta fi kama raina. Kafin a kunna na'ura, da gangan ake tsokano kwaɗayin: a miƙa wa mutum sigari da abin kunnawa ya riƙe, a nuna masa hotunan masu busawa, har ransa ya biya. Masuntan Dandi za su gane wannan nan take, don ba a sukar kifi yana can ƙarƙashin ciyawa, sai an jawo shi ya taso. A daidai lokacin ne ake sakin bugu 1,800 cikin kimanin minti 18, kullum har mako uku, sannan sau ɗaya a mako na wasu uku. A gwajin da aka yi da mutum 262, kashi 28 cikin ɗari na waɗanda suka kammala sun bar taba, alhali waɗanda aka ɗora wa hular bogi don kwatanci ba su kai kashi 12 ba. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da hanyar.

Ƙwayar magani kuma ta wata ƙofar take shiga. Varenicline, da aka fara sayarwa a 2006, yana zama a gurbin da nikotin ke sauka, ya ɗan rage ƙishirwar, in ma mutum ya kunna kara ya ji ta salam. Likitoci a Toronto ta Kanada suka haɗa biyun, suka wallafa a 2023 cewa waɗanda suka samu magani da na'ura tare sun fi masu magani kaɗai bari. Gwajin ƙarami ne, amma hikimar a fili take: ɗaya ya tare daɗin, ɗaya ya lallashi kwaɗayin.

Na'urar tana da tsada, ba kayan asibitin gunduma ba ce tukuna. Amma rabin aikin ya fi kusa da mu. Nijar tana da dokar yaƙi da taba tun 2006, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa varenicline cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Likita kan fara ba da shi mako guda kafin ranar da mutum ya tsayar zai bari, a ci gaba har mako 12, tare da gargaɗin cewa zuciya na iya tashi, kuma dare zai zo da mafarkai masu yawa.