Jinjina ga Masu Zanen Shataletale

Duk direban da ya taɓa ɗauko masara daga Daudawa ya shiga Kano ta hanyar Zariya ya san wahalar da ake sha a shataletalen Dangi a da: mota na gugar mota, Adaidaita Sahu na kutsawa, rana na dukan kai. Yau wurin hawa uku ne. Wasu su bi ta ƙarƙashin ƙasa, wasu ta gadar sama, mai juyawa kuma ya zagaya a tsakiya.

Injiniyoyin da suka zana wannan nake wa jinjina. Kafin a kafa ginshiƙi ko ɗaya, sai sun ƙidaya motocin safe da na yamma, sun auna faɗin da tirela ke buƙata ta karya kwana ba ta kife ba, sun nema wa ruwan damina mafita don kada ramin ya koma tafki. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, domin ba ya fitowa a hoto.

A Janairun 2023 aka buɗe gadar Hotoro a Kano da ta Ƙofar Ƙaura a Katsina. Sannunku da aiki, injiniyoyi. A waiwayi Funtuwa ma, inda hanyoyin Gusau, Zariya da Katsina suka haɗu.