Bango na gwamnati ne, kallabi na ɗaliba ne

A wannan zamani da kalmar diyaucin ƙasa ta cika bakin jama'a a Nijar, akwai tambayar da ta cancanci malaman makaranta su tsaya a kanta: wace alamar addini ce ke da izinin shiga ajin gwamnati, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci? Sau da yawa akan ɗauko amsa daga Turai, alhali amsar Turai ɗin tana da gurguntar da ya kamata a duba.

A ranar 15 ga Maris 2004 Faransa ta kafa dokar da ta hana ɗalibai sanya alamomin addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, bayan gardamar da ta faro a Creil a 1989. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai zama a Strasbourg, ta goyi bayan Turkiyya a 2005 kan hana Leyla Şahin shiga jami'a da lulluɓi. Kotun nan dai, a 2011, a shari'ar Lautsi, ta warware hukuncinta na 2009, ta yarda Italiya ta ci gaba da rataye gicciye a bangon azuzuwa. Hujjarta a duka biyun ɗaya ce: kowace ƙasa tana da sararin tsara al'amarinta gwargwadon tarihinta. To amma sai a dubi abin da hujjar ta haifa. Gwamnati mai ƙarfi ta samu damar kafa alamarta a kan idon yara, ɗaliba marar ƙarfi kuwa aka ce ta tuɓe tata. An bar jaki ana dukan taiki.

Nijar ba ta rasa nata tafarkin ba. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko mai koyar da Faransanci da Larabci a Say, kuma har yau gwamnati na tafiyar da irin waɗannan makarantu. Bayan babban taron ƙasa na 1991, ƙungiyoyin Musulunci sun ƙi amincewa da kalmar laïcité, saboda haka kundin tsarin mulkin 1992 ya kauce mata, ya ce gwamnati ba ta bin wani addini. Kundin 2010 ya yi maganar raba gwamnati da addini. A maƙwabciya Najeriya ma, kotun ƙoli ta tabbatar a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata na iya sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas.

Aji ɗaya a Bonkuku ya isa ya bayyana ma'anar wannan tafarki. A benci guda ana iya samun ɗan Buzaye na Imanan, da Bazabarme, da ɗan Kurfayawa, da ɗan ma'aikacin da aka turo daga wata jiha. Wata na da hijabi, wani na da laya a ƙarƙashin riga, wani gidansu ba su rabu da bori ba, wani Kirista ne. Abin da yaro ya zo da shi a jikinsa amanar gidansu ce, mushe ba shi da hurumin cire shi, ba shi kuma da hurumin tilasta wa wadda ba ta yafa ba ta yafa. Bangon aji kuwa da harajin kowa aka gina shi, don haka tuta da taswirar ƙasa sun ishe shi. Rinjayen Musulmi bai sauya wannan ƙa'ida ba. Wanda ya ga zalunci a dokar 2004, bai kamata ya maimaita shi a kan ƴan tsirarun garinsu ba.

Kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su rubuta wannan ƙa'ida da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, cikin kalmomin da uwayen yara za su gane a taron makaranta, su kuma iya kare ta ranar da wani ya nemi take ta.