Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Jaridun Abijan Da Iyayen Gidansu

Duk wanda ya saba bi ta Adjamé Mairie da safe ya san cincirindon da ke tsayawa gaban allon jaridu, su karanta kanun labarai, su yi gardama, su watse ba tare da sun sayi ko ɗaya ba. Mutanen Abijan na kiransu titrologues. A ganina, kanun nan su ne madubin ciwon aikin jarida a Kwaddibuwa.

Da aka kafa ta a 1964, Fraternité Matin ta zama bakin gwamnatin Houphouët-Boigny. Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu a 1990 sai jaridu suka yawaita, amma kusan kowacce da ubangidanta: Notre Voie ta goyi bayan FPI ta Gbagbo, Le Patriote ta goyi bayan RDR ta Ouattara, Le Nouveau Réveil kuma ta goyi bayan PDCI ta Bédié. Taro ɗaya za a yi, wannan ta ce filin ya cika maƙil, waccan ta ce ba kowa.

A shirin sharhin jaridu da nake gabatarwa a rediyo, masu saurare kan tambaye ni wacce ke faɗin gaskiya. Amsata ita ce a fara duba mai biyan albashi. Ciniki ya ja baya, talla ta yi ƙaranci, sai aljihun ɗan siyasa ya zama madogara. Ba sai an ba wakili umarni ba. Ya san labarin da edita zai jefa kwandon shara, don haka shi da kansa yake tace alƙalaminsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kuma ɗan jaridar ne ke kwana a ciki. A ƙarshen 1995 da farkon 1996 an ɗaure 'yan jaridar La Voie, ciki har da Freedom Neruda, don sun ce zuwan Bédié filin wasa ne ya jawo wa ASEC Mimosas rashin sa'a a hannun Orlando Pirates. A Nuwamban 2004 magoya bayan Gbagbo suka far wa ofishin Le Patriote. Da mulki ya juya a 2011, aka wawushe na Notre Voie.

Ba na cewa jarida kada ta yi aƙida. Ta bayyana ra'ayinta a shafin sharhi, ta bar labari ya zama labari. Mu kuma Hausawan Adjamé da Treichville, da aka sha yi mana kallon baƙi a zamanin ivoirité, mun san abin da kanu ɗaya ke iya haddasawa. Kada mu zama 'yan amshin shata. Mu karanta jarida biyu kafin mu yanke hukunci.