Mai Fito, Dillaliya da Mai Bin Sawu: Nazari Kan Jaruman Labaran Bincike da Fadamar Haɗejiya

Labarin bincike yana da tsari sananne. An yi ɓarna, ba a san wanda ya yi ta ba, sai wani ya tashi ya bi diddigi har gaskiya ta fito. An daɗe ana ɗora wannan aiki a kan ɗan sanda ko jami'in leƙen asiri, namiji mai ƙarfi da bindiga a kugu. A 'yan shekarun nan kuwa, cikin littattafan da suka ja hankalin masu karatu a duniya akwai waɗanda suka miƙa binciken ga wanda ba a zata ba, kamar tsohuwa, ko yaro, ko ma'aikaciyar jinya, ko maharbin ƙauye. Wannan nazari zai duba dalilin da ya sa irin waɗannan jarumai suke tasiri, da inda adabin Hausa ya tsaya a kansu, sannan ya nuna cewa fadamar Haɗejiya cike take da irinsu, alƙalami kawai suke jira.

Tushen salon a duniya

Abin ba sabo ba ne. Tun 1930 Agatha Christie ta fitar da littafi na farko na Miss Marple, tsohuwar da ke zaune a wani ƙauyen Ingila, ba ta da makami sai sanin halin maƙwabtanta. Sai dai salon ya ƙara faɗi daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce. A 1998 Alexander McCall Smith ya kawo Mma Ramotswe, macen da ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta ƙasar Botswana, wadda yawancin matsalolin da ake kawo mata na aure ne da gado da ɓatan mutum. A 2003 Mark Haddon ya sa yaro ɗan shekara 15, mai kallon duniya daban da sauran yara, ya binciki wanda ya kashe karen maƙwabciyarsu. A 2020 Richard Osman ya tara tsofaffi huɗu a gidan masu ritaya suna warware kisan kai, kuma a shekarar ce Deepa Anappara ta sa yaro ɗan shekara 9 neman yaran da ke ɓacewa a wata unguwar talakawa a Indiya. A nan Najeriya, littafin Oyinkan Braithwaite na 2018 ya bi wata ma'aikaciyar jinya a Legas, wadda take share sawun laifin ƙanwarta.

Littattafai biyu na Afirka ta Yamma sun fi kusa da batunmu. A littafin Nii Ayikwei Parkes na Gana, wanda ya fito a 2009, matashin likitan da ya yi karatu a Ingila bai iya gane abin da ya faru a ƙauye ba sai da ya zauna ya saurari wani tsohon maharbi. Shi kuwa Moussa Konaté na Mali, a shekarar dai, ya kai binciken kwamishinan 'yan sandansa Habib cikin masuntan Bozo na Kogin Neja, inda mutane suka riga suka yanke cewa abin ruwa ne ya yi kisan.

Abin da ya haɗa yawancin waɗannan jarumai shi ne ba a ganinsu. Ana sakin baki a gaban tsohuwa, ba a jin nauyin yaro, ba a tsoron mai shara. Da ɗan sanda ya shigo gari bakin kowa ya mutu, amma wanda aka raina yana zaune a tsakiyar zancen ana yi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin da adabin Hausa ya riga ya mallaka

Rubutun zube na Hausa ya san laifi tun ranar farko. A gasar 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya, cikin littattafan da suka yi nasara akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu. A 1952 Tanko Zango ya kawo Da'u Fataken Dare. Gasar Sashen Al'adu na Tarayya, wadda aka buga littattafanta a 1982, ta haifar da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda jaruminsa Mailoma ya fito daga cikin Maguzawa, ya ga yaƙi, ya koma shugaban gungun miyagu. A wancan zamanin matasan da suka yi boko suna karanta James Hadley Chase, kuma ana jin ƙamshinsa a rubuce-rubucen da suka biyo baya.

Idan aka lura, baƙon jarumi a adabinmu yana gefen mai laifi ne. Mun iya ƙera ɓarawo mai wayo da ɗan fashi mai tarihi, kuma Mailoma ya isa misali. Gefen mai bincike ne ya rage da rauni. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zaman aure suka mamaye fage, sai labaran yaƙi da na aljanu. Inda aka taɓa bincike, galibi a birni ne, mai binciken kuma jami'i ne wanda sunansa kawai ne na Hausa, amma tafiyarsa da maganarsa na fim ne. Sau da yawa kuma ba a barin hankali ya warware ƙullin. Sai a yi mafarki, ko a je wurin boka, ko ciwon ajali ya kama mugu ya tona wa kansa asiri. Wannan yana koyar da cewa alhaki ba ya barin mai shi, amma yana tauye wa mai karatu haƙƙinsa na yin tunani tare da jarumi.

Ƙasar da ruwa ke sake wa fasali

Labarin bincike yana son wurin da ke da sirrinsa. Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Chalawa, ya ratsa ƙasar Ringim da Auyo, ya wuce Haɗejiya, sannan ya rarrabu zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana kafin ruwansa ya gamu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Ruwan da a da yake zuwa da damina ya janye da rani, yanzu yana kwanciya a wasu wurare shekara zagaye. Hakan ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Wani gari ya rasa ruwa, wani ya nutse. A ambaliyar 2020 da ta 2022 mutanen Haɗejiya sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa don kada ruwa ya shiga gari.

Ga marubucin bincike, wannan ƙasa ce mai ba da ƙulli da kanta. Iyakar gona tana ɓacewa a ƙarƙashin ruwa, idan ya janye sai magada su tashi da rigima. Hanyar da aka bi da babur a watan Maris sai da kwalekwale a watan Satumba, don haka wanda ya ce ya je wuri kaza ya dawo kafin magariba ana iya kama shi da lissafin hanya kawai. Wanda ya fasa jinga da dare don ruwa ya kauce wa gonarsa ya jefa ƙauye guda cikin masifa, kuma ruwan ya wanke sawunsa. Fadama ɗaya ce manomi da makiyayi da masunci suke nema idan ruwa ya ja baya, musamman a Guri da Kiri Kasamma. Ga dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, ga kasuwar kifi ta Haɗejiya da ke tara fatake daga nesa, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suna zaune tare, kowa da harshensa da abin da ba ya faɗa wa bare.

Jaruman da ke jiran alƙalami

A ɗauki mai fito. Kullum yana bakin mashigi, ya san wanda ya haye da asuba da wanda bai dawo ba. Yana duban yadda kwalekwale ya nutsa ya gane nauyin kayan da aka ɗora. Idan aka tsinci gawa ta maƙale a kachalla aka ce nan mutumin ya faɗa, shi ya san ƙarfin ruwan makon nan, ya san inda igiyar ruwa take ajiye abin da ta ɗauko, zai iya cewa daga sama aka sako ta. Idan aka kawo igiyar da aka ɗaure wani abu da ita, ɗaurin kaɗai zai gaya masa ko hannun masunci ne ko na mai ɗaure dabba. Babu na'urar da ta ba shi wannan sani, shekaru ne a kan ruwa.

Sai dillaliya. Ita ce ke shiga gidan da namiji ba ya wuce zaure. Tana kwance ƙullin kayanta a tsakar gida, ana taya atamfa ana hira, tana ganin wadda ta sayar da ɗan kunnenta a ɓoye da wadda ta sayi abin da ya fi ƙarfin mijinta. Ranar da aka kawo mata zoben da ita ta sayar wa wata amarya bara, amaryar da aka ce ta gudu, labari ya tashi. Haka unguwarzoma da mai wankan gawa, waɗanda idonsu ke ganin abin da dangi suka rufe. Haka mai bin sawu, wanda ke duban laka ya faɗi yawan shanun da suka wuce, ya ce ɗaya tana ɗingishi, kuma korarsu aka yi da gudu. Haka almajirin da ke bin gida gida da ƙoƙonsa, ba mai sassauta murya don ya iso.

Sharaɗin shi ne baƙuntar jarumi ta fito daga sana'arsa da matsayinsa. Idan aka ce makaho ne ko kurma don a burge mai karatu kawai, an ci zarafin masu lalurar, kuma labarin bai ƙaru ba. Amma idan makahon ya gane mai laifi ta takunsa, ko ta warin hayaƙin bandar kifi a rigarsa, to lalurar ta zama hanyar sani.

Tsakanin rufin asiri da tonon asiri

Nan ne labarin bincike na Hausa zai bambanta da na kowa. Bahaushe yana roƙon Allah rufin asiri, yana ganin girman wanda ya ga aibin ɗan'uwansa ya yi shiru. Mai bincike kuwa aikinsa tonawa ne. Ɗan sanda baƙo zai kama mutum ya koma bariki. Dillaliya fa? Gobe za ta koma gidan da ta tona, 'yarta tana aure a dangin, abincinta yana hannun matan unguwar. Mai fito yana ƙarƙashin Sarkin Ruwa da bulama, kuma kunya ba za ta bar shi ya tsare dattijo da tambaya ba. Dole ya bi ta bayan gida, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya jefa magana a kaikaice, ya jira.

Wannan matsi shi ne zai hana mai karatu ajiye littafi. Tambayar ba ta tsaya ga wanda ya yi ba, ta kai ga abin da za a yi da gaskiyar bayan an same ta. A kai wa bulama a yi sulhu? A kai wa hukuma, gida ya watse? A yi shiru, marainiya ta rasa gonar ubanta? Addini ya yi umarni da suturta mutane, ya kuma hana ɓoye shaida, kuma jarumin da ke tsaye tsakanin waɗannan biyun ya fi mai harbi da bindiga nauyi a zuciyar mai karatu.

Kammalawa

Marubucin da zai shiga wannan fage yana da haƙƙoƙi uku a kansa. Na farko, ya yi wa mai karatu adalci, ya shimfiɗa alamomin a fili yadda mai lura zai iya riga jarumi ganewa. Mutanen labarin suna iya yarda cewa aljanin ruwa ne ya ja mutum, domin haka ake faɗa a bakin kogi, amma warwarar ta zo ta hanyar hankali. Na biyu, kada ya ɗora laifi a kan ƙabila ko sana'a. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka, littafin da ya mai da kowane Bafulatani ɓarawo ko kowane manomi azzalumi ya ƙara wa wuta mai, alhali labarin bincike na gari yana koya wa mutum ya tuhumi zatonsa na farko. Na uku, ya san wurin. Ya zauna da masunta ya ji bambancin taru da birgi, ya ga yadda ake banda tarwaɗa, ya san watan da ake yankan shinkafa da watan da ake shuka alkama.

Kirana ga marubutan Jigawa, musamman matasa maza da mata da ke rubutu a waya suna rabawa a WhatsApp da Wattpad, shi ne su daina aro jami'in bincike daga finafinan waje. Su dubi mashigin garinsu da kasuwarsu da tsakar gidajensu, su ba mai fito da dillaliya da mai bin sawu aikin. Malaman Hausa a jami'o'i da masu shirya gasar rubutu kuma su ware wa labarin bincike gurbinsa, domin salo ne da ke koya wa al'umma neman hujja kafin yanke hukunci.