Gwanayen Kiwon Awaki a Unguwar Dosa

Jar akuyar da ta cika gidajen Unguwar Dosa da Kawo 'yar ƙasar rani ce. Asalinta Sakkwato da Maraɗi, inda ruwan sama bai kai na Kaduna ba, ƙasa kuma rairayi ce mai shanye ruwa nan take. A nan kuwa damina takan kama tun Mayu har Oktoba, marka ta zo a Agusta, ko'ina ya jiƙe. Duk wanda ya fito da garkensa daga wannan damina da ƙiba da sheƙin gashi, ya cancanci a sara masa. Kuma galibi mata ne, a bayan gida ko a 'yar gonar gefen gari.

Akuya ba ta shiri da laima. In ta kwana a taɓo, sai mura da ciwon kofato. Shi ya sa gwanar kiwo take ɗaga makwancin awakinta da katako, ta share kashi kullum, ta tara shi a buhu don masu lambu. Da safe kuma ba ta gaggawar kai su turke, sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe, domin ƙwayoyin tsutsar ciki suna hawa jiƙaƙƙiyar ciyawa ne. Ka lura da ita idan ta shiga cikinsu: za ta kama akuya, ta ja fatar ido ta ƙasa da babban yatsa. In ciki ja ne, lafiya lau. In ya yi fari fat, tsutsa ta sha jini, sai magani. Ta dubi ƙarƙashin wutsiya ko akwai zawo, ta dubi wadda ta ware gefe ba ta tuƙa. Duk wannan kafin ruwan koko ya tafasa. Wannan ido, a wurina, shi ne rabin sana'ar.

Abinci kuwa lissafi ne na shekara guda. Da kaka, lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suke araha, ake saye a jibge a kan rumfa. Wanda ya yi sake har Maris zai saya da tsada. Ana haɗawa da dusa da kowa, a jiƙa 'yar kanwa a ruwan sha. Ragowar tuwo da shinkafa a ba su kaɗan-kaɗan, don in suka yi yawa ciki ya kumbura, akuya ta mutu a tsaye. Babbar abokiyar gaba a birni ita ce leda. Akuyar da aka saki tana yawon bola takan haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ga abinci a gabanta, ba a gane dalili sai ranar da mahauci ya farka cikin.

Akuya na ɗaukar ciki wata 5, kuma mai kula da kyau yakan samu haihuwa 3 a shekara 2, sau da yawa tagwaye. Da an haihu, a tabbata ɗan ya sha dakashi, a shafa wa cibiya aidin. Mazan da ake so don nama ana dandaƙe su tun suna ƙanana su zama taure, su yi kitse, naman ba warin bunsuru. Bunsurun garke kuma ana sauya shi, ko a yi musaya da maƙwabta, kada ya hau 'ya'yansa iri ya lalace.

Cutar da ke share garke ita ce PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942: majina, gyambon baki, zawo, sai mutuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinta, kuma allura ɗaya takan tsare dabba shekara 3. Ina jin takaici in ga an yi asarar awaki goma saboda ƙyashin kuɗin da bai kai na damin harawa ba. Masu wayo ba sa haɗa sabuwar akuyar kasuwa da garke sai ta yi makonni a ware. Masu neman ƙarin sani kuwa, ga cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta daɗe tana nazarin wannan jar akuya.

Sai ranar kasuwa. Ko a Kawo ko a Zangon Tudun Wada, mai saye zai buɗe bakin dabba ya ƙirga manyan haƙora ya san shekarunta, ya matsa gadon baya ya ji nama, ya ɗaga ta ya auna nauyi da hannu. Mai kiwon da ya san abin da ya kawo ba ya rawar jiki gaban dillali. Yakan ajiye taurensa sai gab da Sallah ko Kirsimeti, lokacin da manyan motoci ke lodi zuwa Legas da Onica, farashi ya tashi. Bayan nama ga fata, wadda tun zamanin fataken Sahara Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, har gobe kuma majema a Kano suna nemanta. Saboda haka ne ake kiyaye akuya daga ƙazwa da ƙarfen shinge, ake kuma roƙon mai fiɗa ya sassauta wuƙa, don huji ɗaya yana karya kuɗin fatar.