Dogon Bakan Ingila da Kafaɗar da Ta Ja Shi

A shekarar 1545 jirgin yaƙin Sarki Henry VIII mai suna Mary Rose ya nutse kusa da Portsmouth. Da aka tsamo shi a 1982, cikin kayan da aka samu har da dogayen bakuna sama da 130 da kibau fiye da 3,500. Su ne suka nuna yadda ake haɗa makamin da ya karya baraden Faransa a Crécy a 1346 da Agincourt a 1415.

Bakan sanda ɗaya ce tak, ta itacen da Turawa ke kira yew, tsawonta ya kai tsawon mutum ko ya ɗara. Gwanintar tana wajen tsagawa. Mai sassaƙa yakan bar farin ɓangaren da ke ƙarƙashin ɓawo a bayan baka, domin shi ke jure miƙewa, jar zuciyar itacen kuma ta fuskanci maharbi, domin ita ke jure matsi. Sai a bar sandar ta bushe shekaru, a riƙa kankare ta kaɗan-kaɗan ana gwadawa har ta lanƙwasa daidai. A bakin kowane gefe a sa ƙahon saniya mai tsaga, inda tsirkiya za ta zauna. Itacen mai kyau daga Sifen da Italiya yake zuwa, har dokar 1472 ta tilasta wa 'yan kasuwa shigo da sanduna huɗu a kan kowane tan na kaya.

Kibiya kuwa aikin mutane da yawa ce: wani ya fere jiki, maƙeri ya ƙera tsini, wani ya ɗaura gashin dinya. A 1417 Sarki Henry V ya ba da umarni a cire gashi shida daga kowace dinya. Maharban ƙasar Hausa sun dogara da dafi, su kuwa maharban Ingila nauyin kibiya da ƙarfin ja ne abin dogaronsu.

Ni a ganina an cika yabon itacen. Masu bincike sun ƙiyasta cewa jan yawancin bakunan Mary Rose ya haura nauyin kilo 45, kuma ƙasusuwan wasu daga mutanen jirgin sun nuna alamun wannan wahala a kafaɗa. Ba a koyon wannan da girma. Shi ya sa a 1363 Sarki Edward III ya wajabta wa maza atisayen harbi a ranakun hutu, ya hana su wasannin da ke ɗauke musu hankali, har da ƙwallon ƙafa.

Nan kuma raunin makamin yake. Bindigar farko ba ta kai baka saurin harbi ba, amma cikin 'yan makonni ake koya wa manomi ita. A 1595 hukumar Ingila ta umarci rundunonin sa-kai su ajiye baka su ɗauki bindiga.