Ba Outlook ke da laifi ba, shawarar da ake ba mu ce ke da gyara

Tun da Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da dama a Samaru da Sabon Gari suka fara kai kwamfutocinsu wajen masu gyara don a ɗora musu Windows 11. Sau da yawa kuma goge komai ake yi a zuba sabo, wato abin da muke cewa an yi fomatin.

Haka wata 'yar sashenmu ta yi. Tana da wani ɗan makiro a Outlook, wato gajeren umarni da aka rubuta da harshen VBA, wanda ke kwashe fayilolin da ɗalibai suka turo ta imel ya jera su a folda ɗaya. Ta yi dabara ta ajiye fayil ɗin VbaProject.OTM, inda Outlook ke adana makiro. Bayan fomatin ta mayar da shi, amma Outlook ya ƙi amincewa, duk da cewa ta sa masa hannu na dijital tun tuni. Mai gyara ya ce mata abu ne mai sauƙi: ta shiga Trust Center ta zaɓi a kunna dukkan makiro. Ta yi, ya yi aiki. Wannan shawara ce nake da ja a kanta.

Bari mu fara da dalilin ƙin. Sa hannu na dijital yana tafiya da mabuɗai biyu: na sirri da ake buga hatimi da shi, da na fili da ake tantance hatimin da shi, wanda ke cikin takardar shaida. Yawancinmu ba ma sayen takardar daga wata hukumar da duniya ta sani. Muna haɗa tamu da wata ƙaramar manhaja da ke zuwa da Office mai suna SelfCert. Kamar mutum ne ya je aka sassaƙa masa hatimi a kasuwa: gidansu kaɗai aka san shi. Windows na ajiye takardar da mabuɗin a ma'ajiyar mai amfani da kwamfutar, tare da jerin waɗanda aka amince da su. Idan aka yi fomatin, duk wannan ya tafi. Sabon Windows ya ga hatimin da bai taɓa gani ba, babu kuma wanda zai tsaya masa shaida. To me ake so ya yi? Ƙin da ya yi shi ne aikinsa.

Kunna dukkan makiro bai dawo da amincewar da ta ɓata ba, mai gadin ne kawai aka sallama. Daga ranar, duk abin da aka cusa cikin wancan fayil zai gudana ba tambaya, yana iya karanta saƙonninki, yana iya aika wasu da sunanki. Kuma an taɓa ganin haka. A 1999 cutar Melissa ta yaɗu ta makiron Word, tana amfani da Outlook wajen tura kanta ga mutum 50 na farko a jerin adireshi. A 2020 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana yadda gungun masu kutse na Gamaredon ke sauya fayil ɗin VbaProject.OTM da nasu, su kuma kashe tsaron makiro, don aika saƙonnin yaudara ga abokan hulɗar wanda suka kama. Ku duba fa, abin da ɓarawo ke wahala kafin ya yi, shi ake yi mana kyauta a shago.

Hanyar da ta dace ba ta da tsawo. A buɗe SelfCert a haɗa sabuwar takarda, domin mabuɗin sirrin tsohuwar ya tafi da tsohon Windows. A shiga wurin rubuta VBA, a duba abin da ke ciki a tabbatar naka ne, sannan a sake sa hannu da sabuwar takardar a adana. A bar Trust Center a kan zaɓin da ke karɓar masu sa hannu kaɗai. A rufe Outlook a sake buɗewa, idan gargaɗi ya fito a amince da mai hatimin. In har ya ci gaba da ƙi, a buɗe certmgr.msc a kwafi takardar zuwa ma'ajiyar amintattun tushe. A kuma lura, sabon Outlook na Windows ba ya gudanar da VBA ko kaɗan, sai tsohon.

Ban ce masu gyara mugaye ba ne. Layi na jiransu, wuta na iya ɗaukewa, kwastoma kuma so yake ya ga abu ya tashi. Amma akwatin imel na malami ko ɗalibin digiri na biyu yana ɗauke da sakamakon jarrabawa, bayanan bincike, da saƙonnin banki. Minti goma bai yi yawa a kan wannan ba. Ita dai 'yar sashen namu ta koma ta rufe abin da ta buɗe, ta sake sa hannu, makironta na aiki har yanzu.